Shaihu Umar: Fim Ɗin Da Ya Tambayi Fada Da Malamai

Mai karatu, in ana zancen tsofaffin finafinan Hausa, da wuya a tsallake Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. Tushensa littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta ne tun yana malamin makaranta a Bauchi, aka buga a 1934. Wato marubucin bai san zai zama Firayim Minista ba, balle ya san za a kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966.

Duba yadda fim ɗin ya nuna siyasa. A Kagara, sarki ne ke tura mutanensa su kai hari su kamo bayi. Makau, mijin uwar Umar, bai yi laifin komai ba. Hassadar fadawa ce ta sa aka kore shi daga gari. To ka ga, fadar da ya kamata ta zama inuwar talaka, ita ce ta fara tarwatsa gidansa.

Ta fuskar addini kuwa, nan ne abin ya fi ɗaure kai. Balarabe Abdulkarim ya ɗauki Umar tamkar ɗansa, ya ƙetare Sahara da shi, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Amma hanyar da ta kai yaron ga ilimi, ita ce ta kai uwarsa ga bauta. Ta fito neman ɗanta, aka kama ta aka sayar, ba su sake haɗuwa ba sai tana gab da rasuwa. Fim ɗin ya yabi haƙuri da yarda da ƙaddara, amma ya bar mana tambaya: ina muryar malamai lokacin da ake cinikin 'ya'yan mutane?

Kada ka ɗauka wannan tsohon zance ne. A Fabrairun 2021 sunan Kagara ya cika labarai, da aka sace ɗalibai a Kagara ta Jihar Neja, a watan kuma aka kwashe 'yan mata a Jangebe ta Zamfara. Uwa a Nahuce, ko Tsafe, ko Bunguɗu, wadda ta taɓa sayar da gona don kuɗin fansa, ba ta buƙatar a fassara mata hawayen uwar Umar.

An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. In ka sami damar kallo, kada ka tsaya ga rawanin Shaihu. Ka bi sawun uwar.