Malaman Sakandare da Hukuncin Harshen Koyarwa a Sudan

Gallabat gari ne a jihar Gadarif, a bakin iyakar Sudan da Habasha, daura da Metema. Tun ƙarni na 18 Takari suka zauna a can, wato mutanen yamma da suka biyo hanyar hajji suka yada zango, kuma har yau Hausawa suna da yawa a ƙasar Gadarif. Ɗan Bahaushen da ya kai sakandare a wannan yanki da Larabci yake ɗaukar darasi, kuma asalin wannan tsari hukunci ne da malaman makaranta suka tsaya a kansa a 1965.

A zamanin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, da Larabci ake koyarwa a matakin farko, amma sakandare, irin su Hantub da Wadi Sayyidna, da Turanci suke karantarwa. A 1955 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar a koma Larabci. Aka sami mulkin kai a 1956, sojojin Janar Ibrahim Abbud suka karɓi mulki a 1958, shawarar kuwa tana kwance a ma'aikatar ilimi.

Boren Oktoba na 1964 ne ya sauya lamarin. Malamai suna cikin gamayyar ƙungiyoyin ƙwararru da ta durƙusar da gwamnatin Abbud, kuma wanda aka naɗa firaministan riƙon ƙwarya, Sirrul Khatim al-Khalifa, malami ne da ya koyar a cibiyar horar da malamai ta Bakhtur Ruda. A shekarar da ta biyo baya malaman sakandare suka yi taro suka tsai da magana a koyar da Larabci, ma'aikata ta bi bayansu. Aka fara daga aji ɗaya, ana hawa shekara-shekara. Abin da kwamiti ya kasa cikin shekara goma, masu riƙe da alli sun aiwatar da shi, domin su ne suka san wahalar da ɗalibi yake sha kafin ya fahimci lissafi a harshen da bai ƙware a kai ba.

Sai dai hukuncin yana da giɓi. Jami'ar Khartum ta ci gaba da Turanci har zuwa 1990, don haka ɗalibai suka riƙa isa can da raunin harshen da za a karantar da su da shi. Giɓi na biyu ya fi shafar irin su Gallabat: zaɓin tsakanin Turanci da Larabci kawai aka yi. Hausa da Fulatanci da harshen Beja ba su sami gurbi a tsarin ba, alhali da su yara masu yawa a gabashin Sudan suke tashi. Muryar malamai ta yi tasiri, amma ba ta wakilci kowane gida ba.

Damar ma ba ta daɗe ba. A 1970 ministan Numairi, Muhyiddin Sabir, ya mayar da tsarin shekara 4-4-4 zuwa 6-3-3. Gwamnatin al-Bashir ta rushe ƙungiyoyin ƙwadago a 1989, sannan ta kawo tsarin 8-3 daga sama.

A boren 2018 zuwa 2019 malamai sun sake fitowa, ta hannun kwamitinsu da ke cikin ƙungiyar ƙwararru ta Sudan. Ahmad al-Khair, malami a Khashmul Girba ta jihar Kasala mai maƙwabtaka da Gadarif, ya rasu a hannun jami'an tsaro a Fabrairun 2019, kuma a Disamba kotu ta yanke wa 29 daga cikinsu hukuncin kisa. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta dawo da 6-3-3, ta fara sabuwar manhaja. A Janairun 2021, bayan ƙorafin malaman addini kan wani zane a littafin tarihi na aji shida, Firaminista Abdalla Hamdok ya dakatar da ita, shugaban cibiyar manhajar, Umar al-Garrai, ya ajiye aiki.