Ƙidayar Mutane da Neman Asali a Ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum

Kafin zuwan Turawa sarakunan Zamfara ba su ƙidaya talakawansu ɗai-ɗai ba. Abin da sarki ya sani shi ne garuruwan da ke bin sa, da abin da kowane gari ke kawowa na zakka da kuɗin ƙasa, da dawakin da zai iya fitarwa ran da aka yi gangami. Asalin mutum kuwa yana bakin tsofaffin gidansu, da bakin maroƙa, da tsagar da ke fuskarsa.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, ƙasashen Sarkin Zamfara na Anka da Sarkin Mafara na Gummi da Sarkin Danko na Bukkuyum suka zama gundumomi cikin Lardin Sakkwato. Cikin 1906 Lugga ya kafa dokar da ta haɗa kuɗaɗen da ake biya a da, suka koma haraji da jangali. To, ba a yanka haraji sai an san masu biya. Sabo da haka Joji yakan fita rangadi, ya sauka gari, a tara masu unguwanni, a ƙirga gidaje, a kimanta gonaki da sana'o'i, ya rubuta rahoto. Bayan wannan, kowace shekara malamin haraji yakan zaga tare da hakimi, yana rubuta sunayen magidanta da baligan da ke ƙarƙashinsu. A ƙasar Sakkwato hakimi shi ne mai gari, na sama da shi kuwa uban ƙasa ake ce masa, kuma mai karanta tsofaffin takardu da idon Kano yakan ruɗe a nan.

Daga waɗannan littattafan haraji aka ɗebo yawancin adadin da aka buga da sunan ƙidayar Arewa ta 1911 da ta 1921 da ta 1931. Ba a bi gida-gida ko'ina ba sai cikin 1952, sa'ad da aka sami Jihar Arewa da mutum wajen miliyan 17. Ta 1962 aka soke, aka sake cikin 1963, Arewa ta tashi da kusan miliyan 30, gardama kuwa ta kaure, domin a lokacin yawan mutane shi ke raba kujerun majalisa. Watau da fari mutane suna ɓoye kansu don gudun haraji, daga baya 'yan siyasa suna son a ƙara su. Amma ga mai neman kakansa duk wannan gardama ba ta da amfani, gama littattafan ƙidaya da aka buga ba su da sunan kowa. Jimla ce kurum: maza kaza, mata kaza, kabila kaza a gunduma kaza.

Littafin haraji shi ke da sunaye, shi ne kuwa ya kamata a yi wa karatun hankali. Maigida mai 'ya'ya maza huɗu ba ya gaggawar nuna cewa na ukun ya isa biya. In an ji malami na tafe, yaron ya tafi kiwo, ko ya je gaida kakarsa a wani ƙauye. Shi hakimi ma yana da nasa lissafi, tun da abin da aka rubuta a kansa shi za a nema a hannunsa, ko an yi damina ko ba a yi ba. Waɗanda suka tafi cin rani, ko aikin hanyar jirgin da ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929, wani a bar sunansa shekara da shekaru, wani a share shi alhali yana da rai. Bafulatanin daji kuwa shanunsa aka ƙirga, su ma ba duka ba.

Sa'an nan ga sha'anin suna. Unguwa guda tana iya samun Muhammadu goma da Abubakar bakwai, sai a rarrabe su da laƙabi ko sana'a ko garin da suka fito. Mutumin da aka rubuta Garba bana, baɗi wani malami ya rubuta shi Abubakar, bayan ya yi hajji ya koma Alhaji Bube, mai bincike ya ɗauka mutum uku ne. Wanda ya ci sunan kakansa kuwa, alkunya ta hana a kira shi da shi a gida, har jikokinsa su tashi ba su taɓa jin sunansa na yanka ba, alhali shi ne ke cikin littafi. Mata ba a cika rubuta sunansu ba, shekarun haihuwa kuma kintace ne: a ce an haife shi shekarar yunwa, watau 1914, ko shekarar annoba, 1918. Wajen kabila ma akwai gyara. Mutanen kudu, na wajen iyakar Zuru, da 'ya'yan bayin da suka sami 'yanci, da yawa sun musulunta sun zauna cikin gari, jikokinsu suka shiga takarda a kan Zamfarawa ko Hausawa.

Duk da haka littafin haraji shaida ne mai ƙarfi a kan abu guda: wane yana zaune a gari kaza, ƙarƙashin hakimi wane, cikin shekara kaza. Wannan kaɗai yakan warware gardamar wane gida ya riga wane zama a unguwa. Rahotannin Joji na Lardin Sakkwato suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, sun fi kuwa ba da labarin gidajen sarauta da kafuwar garuruwa bisa na talakawa. Haka littafin tarihin Zamfara da Bajamushen nan Kurt Krieger ya buga cikin 1959, bayan ya zauna da dattawan Anka.

Wanda ba ɗan sarauta ba ya fi samun biyan bukata a littattafan alƙalai, wurin rabon gado. A can ba a ɓoye ɗa, domin wanda aka ɓoye ya rasa rabonsa, kuma dole a ambaci matan mamaci da 'ya'yansa mata kowace da sunanta, a gaban shaidu. Da Larabci aka rubuta yawancinsu, sai mai bincike ya nemi malamin da ya saba da hannun alƙalan da.