Ɗan sandan Brighton da darasin da ya bar wa ma'aikacin ƙaramar hukuma

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta maganar ƙarfin da ciyamomi za su samu. Amma jama'a, akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan ƙarfin nan ya hau kan ƙaramin ma'aikaci, aka dakatar da shi ko aka kore shi, ina zai kai kukansa? Amsar tana da tarihi, kuma wani babban ɓangarensa a Ingila aka yi shi.

Charles Ridge shi ne shugaban 'yan sandan garin Brighton. A lokacin 'yan sandan gari suna ƙarƙashin wani kwamiti ne na majalisar garin. A 1957 aka kama shi tare da wasu jami'ansa bisa zargin haɗa baki don karkatar da shari'a. A farkon 1958 kotu ta wanke shi, sai dai alƙalin ya caccaki salon shugabancinsa. Ranar 7 ga Maris 1958 kwamitin ya zauna ya kore shi, bisa wata doka ta 1882. Ba a ba shi takardar tuhuma ba, ba a kira shi ya kare kansa ba. Mutumin da ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki, fanshonsa ya tafi a zama ɗaya.

Ya je babbar kotu, ya faɗi. Ya je kotun ɗaukaka ƙara, ya sake faɗuwa. Sai a watan Maris na 1963 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙolinsu a lokacin, suka ba shi gaskiya, huɗu da ɗaya. Lord Reid ya raba aiki gida uku: na ubangida da yaronsa, wanda kwantiragi kawai ke tafiyar da shi; muƙamin da ake riƙewa sai ranar da mai naɗi ya ga dama; da muƙamin da doka ta ce ba a cire mai shi sai da dalili. Ridge yana gida na uku, don haka dole a faɗa masa laifinsa, a saurare shi, kafin a yanke. Tunda ba a yi ba, korar ta zama kamar ba a yi ta ba.

A lura da kyau: kotu ba ta ce Ridge waliyyi ba ne. Hanyar da aka bi ta duba. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Kotunanmu sun gaji tsarin shari'ar Ingila, kuma sun ɗora a kan wannan. A 1981 Kotun Ƙoli ta umarci Hukumar Ma'aikatan Tarayya ta mayar da Shitta-Bey aikinsa. A 1985, a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, ta ce wanda doka ta kafa sharuɗɗan aikinsa ba a sallamarsa sai an bi matakan da dokar ta shimfiɗa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum, sannan gyaran kundin na 2010 ya miƙa rigingimun aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

To, ina ma'aikacin ƙaramar hukuma a nan? A galibin jihohi, ladabtar da manyan ma'aikata aikin Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ne, ba na ciyaman shi kaɗai ba. Idan an kai ƙara, abin da alƙali zai tambaya ke nan: wa ya sa hannu, yana da hurumi kuwa? An ba da kwari? An ba da lokacin amsawa? Mai zargin ne ya zauna a kujerar hukunci?

Saboda haka ɗan'uwa, in an ba ka kwari ka amsa a rubuce, cikin wa'adi, ka ajiye kwafi. Ka nemi lauya da wuri, domin jinkiri na kashe ƙara mai kyau. Kai kuma mai riƙe da biro, in ma'aikaci ya yi laifi a hukunta shi, amma a bi ƙa'ida. In ba haka ba, ranar da kotu ta soke korar, daga asusun talakawa za a biya albashin duk shekarun da ya yi a gida.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.