Tarihin Cutar Hirschsprung: Yadda Aka Gano Asalin Toshewar Hanjin Jarirai



A cikin jarirai 5,000 akan samu kamar ɗaya da ke zuwa duniya da wata lalura a babban hanjinsa. Sai a ga kwana biyu sun wuce bai yi kashin farko ba, baƙin nan mai danƙo, cikinsa ya kumbura, ya ƙi nono, wani lokaci har da amai kore. Likitoci na kiranta cutar Hirschsprung. A gidajenmu kuwa akan ɗora laifin a kan nonon uwa, ko abin da ta ci da ciki, ko iska, ko baki. Su ma likitocin Turai sun shafe fiye da shekara 60 suna tuhumar wanda bai ji ba bai gani ba.

An samo sunan ne daga Harald Hirschsprung, likitan yara a birnin Kofenhagen na ƙasar Danmak. A 1886, a wani taron likitoci a Jamus, ya ba da labarin jarirai maza biyu da suka yi fama da rashin bahaya tun haihuwa, suka rasu ba su cika shekara ba. Da aka duba cikinsu, aka tarar babban hanjin ya buɗe ya yi kauri ƙwarai. Sai ya ɗauka wannan kumburarren ɓangaren shi ne mai ciwon, na bayansa ma suka bi shi a kan haka. An yi ta yanke wurin da ya kumbura, amma ciwon sai ya dawo.

Sai a 1948 gaskiya ta fito. Orvar Swenson, likitan tiyata a birnin Boston na Amurka, ya lura cewa idan aka buɗe wa yaro ƙofa a gefen ciki kashi yana fita ta nan, hanjin da ya kumbura yakan koma daidai. Ashe lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana can ƙasa kusa da dubura, a wani siririn yanki da ido ke ganin kamar ba abin da ya same shi, amma ba ya motsi. Kamar kwata ce: inda ruwa ya taru daban, inda ta toshe daban. A shekarar kuma wasu masana suka tabbatar da madubin likita cewa yankin ba shi da ƙwayoyin jijiyar da ke sa hanji ya matsa ya saki, ya tura kashi gaba. Swenson da abokin aikinsa Alexander Bill suka fara cire yankin, su jawo lafiyayyen hanji su haɗa da dubura. Daga nan yara suka fara rayuwa.

To, me ya hana jijiyoyin samuwa? A 1967 likitocin Japan biyu, Okamoto da Ueda, suka nuna cewa ƙwayoyin ba a cikin hanji suke tsira ba. Tafiya suke yi daga wajen wuyan ɗan tayi, su bi hanyar abinci daga sama zuwa ƙasa, tsakanin mako na 5 da na 12 na ciki. Idan suka tsaya ba su kai ƙarshe ba, abin da ya rage sai ya zauna babu jijiya. Shi ya sa kullum ƙarshen hanji ne ke da ciwon, kuma a wajen yara 8 cikin 10 ɗan gajeren yanki ne kawai. Ke nan an gama komai tun ciki bai fito ba, tun yaro bai ɗanɗani nono ba.

Tun da daɗewa an lura akwai hannun gado. Cutar ta fi kama maza, kamar huɗu ga mace ɗaya. Takan maimaitu a gida ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin goma na masu ita suna da lalurar Down. A 1992 likitoci a birnin Jenowa na Italiya suka ga wata yarinya mai cutar da ta rasa wani gutsure na kiromosom na 10, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Aka bi sawu, a 1994 masana a Italiya da Faransa suka gano ƙwayar gadon da ake kira RET, wadda ke yi wa ƙwayoyin jijiyar jagora a tafiyarsu. Kusan rabin gidajen da cutar ke maimaituwa, tangarɗar RET ce sanadi. A wannan shekarar aka gano ta biyu, EDNRB, a cikin wata babbar zuri'a ta 'yan Mennonite a jihar Pensilbaniya ta Amurka, mutanen da suka daɗe suna aure a tsakaninsu. Yau an san fiye da goma. Wani sauyi a RET da aka gano a 2005 ya yawaita a Asiya da Turai, amma da wuya a same shi a jinin mutanen Afirka, don haka lissafinsu ba lallai ya zama namu ba.

A nan sai mu yi hattara, domin wannan gado ba irin na sikila ba ne, inda ake cewa AS da AS kada su haɗu. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna ta. Uba ko uwa na iya ɗauke da tangarɗar suna lafiya lau, ta bayyana a ɗa ɗaya ta tsallake sauran. Yawancin masu ita ma ba a taɓa ganinta a danginsu ba. Idan an haifi ɗa mai cutar, yiwuwar ta kama ƙaninsa kamar 4 ne cikin 100, sai dai takan ƙaru idan yankin da ba jijiya dogo ne. Saboda haka ba hujjar sakin mace ba ce, ba kuma abin gori tsakanin dangin miji da na mata ba.

A ƙasarmu, likitocin tiyatar yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe suna wannan aiki, kuma kukansu guda ne: ana kawo yara a makare. Wani sai ya shekara biyu ko biyar ana ɗura masa jiƙe-jiƙe, ana yi masa tsaga a ciki, ya rame ciki ya yi tulu, sannan a kawo shi. Mu mazauna Utako ba mu da uzurin nisa. Babban Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, yana nan cikin gari, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar gutsuro ɗan nama daga dubura a duba, maganinta kuma tiyata ne.

Iyaye mata da ungozomomi da kakanni masu zaman jego, ku lura da kashin farko. Idan awa 48 ta cika babu shi, ko ciki ya kumbura, ko aka ga amai kore, a tafi asibiti a ranar. Yaron da ya saba rashin bahaya kuma ya tashi da zazzaɓi da zawo mai wari, kada a kwana da shi a gida, domin wannan ne ya fi kashe su.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya. Amin.