Hasashe

hasashe (suna, namiji, jam'i: hasashe-hasashe)

1. Kintace, faɗin abin da ake jin zai faru. *Hasashen manoma shi ne damina za ta yi kyau bana.*

2. A kimiyya: amsar wucin-gadi da mai bincike ke ba wata tambaya, wadda za a iya gwadawa, a tabbatar ko a ƙaryata. Maganar da babu hanyar gwada ta ba hasashen kimiyya ba ce, komai daɗinta.

Ana yawan rikita shi da nazariyya, wadda malaman jami'a ke kira ra'i, kuma rikicin na da illa. Nazariyya faffaɗan bayani ce da ta sha gwaji a hannun masana daban-daban, ta haɗa hujjoji masu yawa wuri guda. Mai cewa "ai nazariyya ce kawai" ya rage mata daraja ba bisa haƙƙi ba.

*Misali:* a 1912 Bajamushe Alfred Wegener ya yi hasashen cewa nahiyoyi a haɗe suke a da. Ya lura gaɓar Brazil ta dace da lungun gaɓar Afirka ta Yamma, ga kuma ƙasusuwan Mesosaurus, wata dabba mai kama da guza, a Brazil da kudancin Afirka. Akasarin masana suka ƙi yarda, domin bai iya nuna ƙarfin da ke tura nahiyoyin ba. Ya rasu a 1930. Sai a shekarun 1960 awon ƙasan teku ya nuna tana buɗewa a hankali, aka gina nazariyyar motsin faifan ƙasa, wadda ke bayyana girgizar ƙasa da aman wuta.

*Duba:* nazariyya, gwaji, hujja.