Tiyajenis, Ɗan Damben Tasos

A arewacin tekun Yunanawa akwai wani tsibiri ana ce da shi Tasos. Nan aka haifi Tiyajenis, wanda a zamaninsa babu ɗan damben da ya kai shi suna. Ubansa mai hidimar ɗakin bautar Harkulis ne. An ce tun yana ɗan shekara 9 ya ga wani gunkin tagulla a kasuwa, ya ba shi sha'awa, sai ya saɓa shi ya kai gida. Mutane suka fusata, waɗansu har suka ce a kashe shi. Wani dattijo ya hana, ya ce a sa yaron ya mayar da kansa. Ya kuwa mayar, labarin ƙarfinsa ya bazu ko'ina.

Damben Yunanawa ya bambanta da na Hausawa. Su hannu biyu suke naɗewa da tsirkiyar fata. Ba a hutawa, ba a kuma duba nauyin mutum, ana ta yi sai ɗaya ya faɗi ko ya ɗaga yatsa, watau ya sallama. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Tiyajenis ya ci dambe a Olimfiya, ya ka da Yutimos. Amma ya jigata har ya kasa shiga wasa na biyu da ya yi alkawari, alƙalai suka ci shi tara mai yawa. A shekara ta 476 ya komo ya ci wannan wasan, wanda ya haɗa dambe da kokawa. Wani rubutun dutse a Delfi ya ce ya yi nasara sau 1,300, ya kuma shekara 22 ba a ka da shi a dambe ba.

Abin da ya biyo bayan mutuwarsa ya fi kama da almara. Fausaniyas, wanda ya rubuta shi bayan shekara wajen 600, ya ce Tasawa sun kafa masa mutum-mutumi na tagulla. Wani magabcinsa ya riƙa zuwa da dare yana tsala wa tagullar bulala, har wata rana ta faɗo masa, ya mutu. 'Ya'yansa suka kai ƙara, aka yi wa mutum-mutumin shari'ar kisankai, aka jefa shi cikin teku.

Ba a daɗe ba sai ƙasa ta ƙi ba da amfani. Aka aika Delfi wurin matar da ke duba, ta ce a komo da korarru. Aka komo da su, yunwa ba ta tafi ba. Da aka sake tambaya, sai ta ce an manta da Tiyajenis. Ana cikin wannan damuwa sai masunta suka jawo mutum-mutumin cikin taru. Aka mai da shi wurinsa, aka shiga yi masa yanka ana neman waraka.

To, ina gaskiya, ina ƙari? Faɗuwar tagulla da yunwa ba mu da shaidarsu sai bakin masu ba da labari. Amma bautar ta tabbata, gama masu tonon kufai na Faransa sun samo akwatin dutse a tsohuwar kasuwar Tasos, da rubutu a jikinsa mai faɗin kuɗin da duk mai yi wa Tiyajenis yanka zai jefa ciki.