Tun Daga Ƙofar Kabuga Aka Karɓe Alƙalamin Naɗi

Kwanakin baya ina cikin A Daidaita Sahu za mu wuce Ƙofar Kabuga sai gardama ta kaure tsakanin wasu samari biyu a kan rikicin sarautar Kano, kowa na rantsuwa cewa gwamnan da ba nasa ba shi ne ya fara taɓa gidan Dabo. Ni dai ban tanka ba, domin na lura babu wanda ya san cewa a daidai wurin da muke wucewa aka fara wannan magana.

Kafin zuwan Turawa, Sarkin Musulmi ne ke tabbatar da Sarkin Kano daga Sakkwato. Ko a wancan lokacin ma abin bai rasa ƙura ba, domin naɗin Tukur da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi a 1893 shi ya haifar da yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, har Alu ya ci gari. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ta Ƙofar Kabuga da igwa suka shiga birni. Sarkin Shanu ya tsaya ya yi shahada wajen kare fada, Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi kuwa Alu aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Gwamna Lugga ya naɗa Wambai Abbas ya zama sarki. Daga ranar nan alƙalamin naɗi da tuɓewa ya koma hannun duk wanda ke riƙe da gwamnati, kuma har yau bai dawo ba.

Da Bature ya tafi a 1960, 'yan siyasa ya miƙa wa alƙalamin. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta sa aka binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus ya koma Azare da zama. Ka ga kuwa Sanusi jigo ne a jam'iyyar NPC, ba ɗan NEPU ba ne balle a ce abokan gaba ne suka yi masa. Muhammadu Inuwa ya hau na 'yan watanni ya rasu, sannan aka naɗa Alhaji Ado Bayero a cikin shekarar.

Shi ma Ado bai tsira ba. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya ɗaga darajar wasu masarautu irin su Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse, sannan gwamnatinsa ta aika wa sarki takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta, aka ƙona gidan Rediyon Kano da wasu ma'aikatu, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad, a gidansa. Allah Ya jiƙansa. A zaɓen 1983 Rimi ya tsaya a NPP, Kanawa suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo, shi kuma ya soke masarautun.

Sauran labarin a kan idonmu aka yi shi. Ado ya rasu a watan Yunin 2014 bayan shekara 50 da ɗoriya a kan gado, Gwamna Rabi'u Kwankwaso ya naɗa Muhammadu Sanusi na biyu. A 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, ranar 9 ga Maris, 2020 ya tuɓe Sanusi aka kai shi Jihar Nasarawa, aka naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayun 2024 majalisar dokoki ta soke waccan doka, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Sanusi fada, Aminu ya sauka a Gidan Nassarawa, magana ta tafi kotu.

To mai karatu, idan ka jera waɗannan shekaru za ka ga babu jam'iyyar da hannunta bai taɓa rawani ba, don haka neman wanda ya fara tsakanin jar hula da abokan hamayyarta ɓata lokaci ne. Abin da ya bambanta zamaninmu da na Lugga guda ɗaya ne. Lugga da igwa ya shigo, babu wanda ya tambayi mutanen Kabuga ko na Mandawari ra'ayinsu. Gwamnan yau kuwa da 'yan majalisar da ke rubuta dokar masarauta, da ƙuri'armu suke shiga ofis. Kuma Bakano ya san amfanin ƙuri'arsa idan ya so, domin a 2003 ya kayar da gwamna mai ci ya ɗora Malam Ibrahim Shekarau, a 2023 ya sake juya wa jam'iyya mai mulki baya.

Abin takaicin shi ne, lokacin yaƙin neman zaɓe ba ma tambayar ɗan takarar majalisar jiha abin da zai yi da dokar masarauta. Mu karɓi taliya da sabulu mu dangwala, sai an wayi gari an raba gidan Dabo ko an haɗe shi cikin kwana biyu sannan mu fito muna zagin juna a majalisar unguwa da gidajen rediyo. Wanda ya sayar da akuyarsa ai ba ya hana a yanka ta. Duk mai kishin sarautar Kano, ko wane sarki yake so, ya tsare ɗan takarar mazaɓarsa da wannan tambaya tun kafin ya ba shi ƙuri'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Kano lafiya, amin.